Masarar da Muka Rufe a Duro

Bana ruwa ya ƙi ɗaukewa. Ga Oktoba ya ƙare, amma kullum da yamma sai hadari ya taso ta bayan duwatsun Kagoro, matar ɗana ta kwasa a guje tana tattara masarar da ta shanya a kan tamfol. Jiya sau uku ta shanya, sau uku ta kwashe. Ina zaune a bakin ƙofa ina jin mitarta, sai warin masara mai laima ya bugi hancina, na tuna wata shekara da ruwa ya yi mana irin wannan taurin kai. 'Ya'yana sun san uwarsu ta taɓa yin aikin sa kai da wata Baturiya, har suna fahariya da abin. Ban taɓa ba su labarin daidai ba, yau kuwa zan faɗa.

A farkon shekarun saba'in ne, bayan fari. Mu nan kudu ba mu sha irin wuyar da muka ji an sha can arewa ba, amma mun ɗanɗana. Ruwa ya zo a makare, ya tafi da wuri, dawa ta bushe a tsaye ba ta fid da kai ba. Ƙauyenmu yana gindin dutse, tsakanin Manchok da Kafanchan. Kafin watan Maris rumbuna sun zama wurin kwanan ɓeraye. Faten acha da muke yi da kauri ya koma ruwa-ruwa, ganyen rama ya fi achar yawa. Muka ci garin ɗorawa har leɓunan yara suka yi rawaya, muka ci ɗanyen mangwaro da gishiri. Zafi kuwa, in ka taka dutse da tsakar rana sai ka ɗaga ƙafa ba shiri.

A kowane ɗakin girki akwai zangarkun masara da ake ratayewa saman murhu, hayaƙi yana korar ƙwari, su ne iri na baɗi. Ba a taɓa su. To, a shekarar nan an taɓa. Ni kaina na sauke namu ɗaya bayan ɗaya, ina cewa wannan ce ta ƙarshe, har igiyar ta rage ita kaɗai tana lilo. Da ruwa ya sauko, gidaje da yawa ba su da abin da za su sa a ƙasa.

A wannan lokaci ne Mis Ana ta zo. Baturiya ce doguwa, hancinta kullum a saɓule saboda rana, wata ƙungiyar masu aikin sa kai ce ta turo ta. A Kafanchan take kwana, ta zo mana a kan babur. Ta kawo buhu biyu na irin masara mai saurin nuna, ta kuma kawo shawara: a yi gona ɗaya ta kowa da kowa, a nome ta da gayya, abin da aka samu kada a ci, a adana shi wuri guda a kulle, in damina ta zagayo a raba wa kowane gida iri. Dattawan ikkilisiya suka yarda, dagaci ya ba da fili a bakin rafi. Sai aka ce ana neman mai fassara. Ni na gama firamare a makarantar mishan, ina jin Turanci, ina jin Hausa, ga yarenmu. Fasto ya nuna ni da yatsa ya ce, "Rifkatu, ke ce bakinta."

Ba a biyan kowa, amma ni ji nake kamar an naɗa ni sarauta. Ni ce mai hawa bayan babur. In muka ratsa ƙauye, matan da muka yi tallan gyaɗa tare sai su miƙe daga bakin turmi suna kallo, ni kuwa in gyara ɗankwali in ɗaga musu hannu.

Ranar Asabar ce ranar gayya. Da sassafe ake buga guntun ƙarfen titin jirgi da ke rataye a bishiyar mangwaron majami'a. Maza su fito da garma, mata da fartanya, ciki ba komai sai kunun tsamiya tsararo. Mis Ana ta zo da wata igiya mai ƙulli-ƙulli, wai a ja ta a shuka a layi, ƙwaya biyu a gindin kowane ƙulli. Tsofaffi suka yi ta dariya, suka ce tun kakanninsu ba su taɓa jin masara ta nemi a yi mata sahu kamar 'yan makaranta ba. Ni na yi ta lallashinsu da yare har suka bi igiyar. Ruwa ya yi mana kirki a shekarar. Muka yi noman farko cikin yayyafi, taɓo har gwiwa, ana waƙa ana amsawa.

Ana cikin noma na biyu, wata Asabar na ji ƙarar babur, na fito da sauri ina ɗaura zane. Sai na ga mutum a wurin zamana.

Sunanta Nkechi. 'Yar Ibo ce, a Kafanchan aka haife ta, ubanta makaniki ne a reluwe. Sun gudu can yankinsu lokacin yaƙin basasa, sun dawo bayan an gama, karatunta na sakandare ya tsaya a hanya. Siririya ce, mai saurin tafiya da saurin dariya. Ta sauko ta rusuna mini, ta ce, "Sista Rifkatu, sannu da aiki. Na ji labarinki da yawa. Na zo in taimaka ne." Na amsa da fara'a, amma tun a lokacin na ji wani abu ya tokare mini ƙirji.

In da hankali zan bi, ai ba laifi. Unguwarsu ɗaya da Mis Ana, dole tare za su zo tare su koma. Amma kishi ina ruwansa da hankali? Su biyu sai su yi ta Turanci da sauri, su fashe da dariya, kafin in gano abin dariyar har sun wuce wata magana. Na ce to, aƙalla fartanya za ta kunyata ta, 'yar birni. Ina! Yarinyar nan ta noma rogo a daji lokacin yaƙi, in ta ja kunya a gona, tata ta fi tawa miƙewa. Cikin wata guda ta koyi gaisuwa da yarenmu, tana karya shi, tsofaffin mata suna tafa hannu suna rungumar ta. Ni da aka haife ni da yaren a baki ba wadda ta taɓa tafa mini. Har mijina Yakubu, wanda yabo yake masa wuya kamar cire ƙaya, ya dawo gona wata rana yana wanke ƙafa ya ce, "Yarinyar nan ta Kafanchan akwai kai." Ranar nan miya ta yi gishiri, kuma da gangan ne.

Da masara ta fara bushewa a kara, aka zauna shawarar inda za a adana ta. Na ce a gina babban rumbu irin namu, a zuba toka. Mis Ana ta ce ɓeraye fa, da ƙwari? Sai Nkechi ta ce a reluwe akwai durorin mai da aka gama da su, ubanta zai roƙo mana. In aka wanke, aka cika da hatsi, aka liƙe murfi da kwalta, iska ba ta shiga, ƙwari su mutu da kansu, ɓera kuwa sai dai ya lasa ƙarfe. Mis Ana ta buga cinya ta ce haka ma littafinta ya ce. Duro shida suka iso a bayan akori-kura. Muka wanke su da ruwan zafi da toka har hannuna ya tsage. Ranar Lahadi Fasto ya tsai da Nkechi a gaban jama'a, ya ce ga baƙuwa da ta zama 'yar gida, a tafa mata. Na tafa. Tafukana ne kawai suka yi.

Masara ta yi kyau, abin gwanin sha'awa. Muka karya, muka ɓare, muka shanya a kan falalen dutsen da ke bayan majami'a. Sai ruwa ya ƙi ɗaukewa, kamar dai na bana. Rana ta fito da safe mu baza, kafin ƙarfe ɗaya gari ya rufe mu kwashe. Wani lokaci yini guda ba rana sai gumi da ƙwarin ruwa. Littafin Mis Ana ya ce a shanya kwana goma sha huɗu, su kuwa suna ƙirga kwanakin a jikin bango da alli, ranar da aka yi rana da ranar da ba a yi ba duk ɗaya.

A wurinmu ba da kwana ake sanin hatsi ya bushe ba, da haƙori ne. Kafin a zuba iri a rumbu, tsohuwar gida takan ɗauki ƙwaya ta ciza. In ta ce ƙas, ta fashe biyu, ya bushe. In haƙori ya nutse, a mayar rana. Surukata, Kaka Zigwai, ita ce mai cizon hatsin unguwarmu, amma haƙoranta sun zube. Tun da aka kawo ni gidan ta mai da ni haƙoranta. Ni zan ciza, ita kuma ta kawo kunnenta dab da bakina ta saurara, sannan ta yanke hukunci. Mis Ana da Nkechi sun taɓa ganin muna yi a gida, suka yi dariya, Nkechi har ta gwada.

Ranar da allin bango ya cika sha huɗu, Kaka tana Manchok wurin makoki. Mis Ana za ta yi tafiya washegari, sai bayan Kirsimeti za ta dawo. Malam Sule, maƙerin da aka ɗauko daga Zonkwa don ya liƙe murafan, ya riga ya ɗora kwalta a wuta. Mata suna ta auna masara suna juyewa a duro. Na sunkuya na ɗauki ƙwaya ɗaya daga tsakiyar tari, na juya baya na ciza. Haƙorina ya shige kamar cikin dafaffen wake. Na ɗauki wata, ita ma haka. Na tofar.

"Sista Rifkatu," Nkechi ce a bayana, da kwarya a hannu. "Yaya? Ya bushe?"

Kalma ɗaya ce ta rage in faɗa. Amma na dube ta, ga Mis Ana can tana kiran sunanta, ga mata suna tambayar ta wane duro za a fara rufewa, kamar ita ta haifi masarar. Na ce, "Me littafi ya ce?"

"Kwana sha huɗu. Ya cika yau."

"To, ai ku ne masu littafi."

Ta ɗan tsaya tana kallona, sannan aka sake kiran ta, ta tafi. Malam Sule ya shafe murafan da kwalta, aka mirgina durorin cikin ɗan ɗakin da ke jikin majami'a, Fasto ya yi addu'a ya sa kwaɗo.

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, kuma ba zan ƙara wa kaina laifin da ban yi ba. Ban so iri ya lalace duka ba, ai har da rabon gidanmu a ciki. Abin da na raya a zuciya shi ne saman duro ɗaya ko biyu zai ɗan yi fumfuna, a ce ash, da an tambayi Rifkatu. Wannan kawai nake so, a ce da an tambaye ni. Alhali kuwa an tambaye ni.

Rani ya shigo. Wata rana a cikin Janairu, mu matan zumunta muna sharar majami'a, aka buɗe ɗakin don a ɗauko tsintsiya. Na kai hannu na dafa duro ɗaya. Da safe ne, ƙarfe ya kamata ya yi sanyi, amma na ji shi da ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi. Nan take na san masarar ce ke ruɓewa a ciki. Ko a ranar da na yi magana, da wataƙila an fasa an tsira da rabi. Amma in na ce a buɗe, za a ce yaya aka yi na sani, in na faɗi yadda na sani, za a ce me ya hana ni faɗa tun farko. Na ɗauki tsintsiyata na fita. A watannin nan Nkechi ta sha zuwa gidana, muna cin tuwo kwano ɗaya, ta kawo mini garin rogo da busasshen kifi daga wurin uwarta.

Ruwan farko ya sauka a Afrilu. Ƙasa ta yi ƙamshi, shinge ya fito, kowa ya gyara gonarsa. Aka buga ƙarfe, gari ya taru, kowace mace da kwaryarta ko kwano, wasu da sabon ɗankwali kamar ranar Ista. Aka yi waƙar godiya. Malam Sule ya sa kurfi da guduma ya ɓamɓare murfin farko.

Warin ne ya fara isowa, irin na ruɓaɓɓen ƙullu. Masarar ta dunƙule ta zama curi guda, kore da baƙi, da farin gashi a kai. Aka buɗe na biyu, na uku, har na shida. Wani tsoho ya tura hannu har kafaɗa yana neman mai kyau a ƙasa, ya zaro hannun baƙi ƙirin, ya tsaya yana kallonsa. Ba wanda ya yi kuka da farko. Mata suka kife kwaryoyinsu a ƙasa suka zauna. Mis Ana ta yi ja, ta yi fari, tana ta buɗe littafinta tana rufewa.

Daga baya-baya aka fara gunaguni. Wa ya kawo duro? Wa ya san abin da aka zuba a ciki? Sai wani ya ɗaga murya ya ce mutanen da aka yi yaƙi da su jiya-jiya, yaya za a miƙa musu abincin gari? Waɗanda suka tafa mata a majami'a su ne suka ce ramuwa ta zo yi. Nkechi tana jin Hausa sarai. Ta tsaya a jikin bango, hannuwanta a naɗe a baya.

Dattawa suka zauna a gindin mangwaro, aka kira mu. Yawancin tsofaffin yare suke yi, don haka ni ce mai fassara, ina tsaye a tsakiya. Aka yi ta zagaye-zagaye, sai Kaka Zigwai ta buga sandarta a ƙasa. Ta ce ita tambaya ɗaya gare ta: kafin a rufe, wa ya ciji masarar?

Ni na juya tambayar zuwa Hausa, da bakina. Na ce, "Kaka tana tambaya, wa ya ciji masarar kafin a rufe."

Nkechi ta dube ni. Sai ta juya wajen dattawa ta rusuna ta ce, "Ba wanda ya ciji. Ni na ce kwana ya cika, a rufe. Laifina ne, ku yi haƙuri."

Wannan ma ni na fassara shi zuwa yarenmu, kalma bayan kalma, ban rage ba ban ƙara ba. Kaka ba ta dubi Nkechi ba, ni ta zuba wa ido. Ta san ba zan ga tarin hatsi in wuce ban sa a baki ba, ita ta koya mini. Ba ta tona mini asiri ba, a wurin ko a gida. Amma daga shekarar har ta rasu, in za a zuba hatsi a rumbu, ƙanwar mijina take aika a kira.

Dattawa suka ce don zaman lafiya, yarinyar ta dakata da zuwa. Mutane suka bazu neman iri wurin dangi, wasu Zonkwa, wasu har Kasuwan Magani, ana samo ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Gonaki da yawa rabi aka shuka. Ni kuwa na koma bayan babur. Abin da na yi ta ƙuna a kai wata tara ya dawo hannuna, muna ratsa ƙauye ina sunkuyar da kai.

Bayan mako biyu Mis Ana ta ce mu je Kafanchan, akwai saƙo. Ta tsaya a kwatas ɗin reluwe, ƙofar wani gida mai jan kwano, ta ce in shiga ita tana zuwa. Nkechi na tarar a tsakar gida, zaune a kan tabarma tana ɓarar masara. Ashe gida-gida ta bi cikin kwatas, duk mai ɗan lambu a bayan ɗaki ta roƙi zangarniya ɗaya ko biyu, har ta tara kusan rabin buhu. Ta miƙe ta ba ni kujera, ta tambayi Kaka, ta tambayi yara.

Na ce, "Nkechi, ranar nan da aka rufe duro..."

"Na gan ki," ta ce, ba ta daina ɓara ba. "Sau biyu kin ciji, kin tofar. Da na koma gida abin ya dame ni, amma na ce in da matsala ai Sista za ta faɗa."

"To me ya sa ba ki gaya wa dattawa ba?"

Ta ɗaga kafaɗa. "Ni sun zage ni na dawo gidan ubana. Ke ina za ki je? A can kike aure, a can za a binne ki."

Ya kamata in ce godiya ce ta fara zo mini, ko kunya. Sun zo daga baya, kuma ba su tafi ba. Amma abin da na fara ji a kan kujerar nan shi ne tsohon abin nan da ya tokare ni ranar da na fara ganin ta. Ta fi ni Turanci, ta fi ni noma, yanzu kuma ga wannan, wanda ko shekara ɗari aka ba ni ba zan iya ba.

Ta ɗebo masara a tafin hannu, ta zaɓi ƙwaya ɗaya ta miƙo mini.

"Ni har yanzu ban iya ba," ta ce. "Ciji, Sista. Wannan karon ki gaya mini."

Na karɓa na sa a baki. Ta matso da kunnenta dab da bakina, yadda ta ga Kaka tana yi. Ƙwayar ta ce ƙas.

"Ya bushe," na ce.

Ta ɗaure bakin buhun, ta taya ni ɗorawa a kai, ta ce in an je rabo kada in faɗi daga inda ya fito, don kada wasu su ƙi karɓa.